Ɗauko lambun Suzhou a ɗora shi kan dandamalin opera

Lambun Sinawa na gargajiya da ƙafa ake kallonsa. Wanda ya gina shi ya riga ya lissafa inda za ka taka, inda katanga za ta tare maka ido, da inda za ka waiga ka hango tafki ta wata 'yar taga. Su kansu suna da magana a kan haka, cewa da an ɗaga ƙafa abin kallo ya sauya. Mai kallon opera kuwa kujera ɗaya ya saya, a kanta zai shafe awa uku yana fuskantar wuri ɗaya. A nan wahalar ɗalibin da aka ba aikin tsara dandamali mai lambun Sin take, kuma yawanci ba a farga sai an gama yanka kwali. Sai ka ga an jera ƙofa mai da'ira, gada mai lanƙwasa, rumfa mai murɗaɗɗen rufi da jajayen fitilu, duka a fili lokaci guda kamar shagon tsaraba. Tun da mai kallo ba zai tashi ya zaga ba, dole katanga da haske da mawaƙi su yi masa zagayen.

Kafin a ja layi ko ɗaya, a san wane lambu ake nufi. Na sarakuna da ke Beijing, irin Yiheyuan, faɗi gare shi, da jajayen ginshiƙai, da zane-zane a jikin katakon rufi, da tayil mai ƙyalli ruwan ɗorawa wanda alama ce ta sarauta. Na birnin Suzhou da ke gabashin Sin kuwa, waɗanda hukumar UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 1997 ta kuma ƙara wasu a 2000 suka zama tara, lambuna ne na malamai da ma'aikatan gwamnati da suka ajiye aiki da kuma attajirai. Launinsu kaɗan ne: farar katanga, tayil toka-toka mai duhu, katako launin makuba, sai koren ganye. Wasan da ke hannunka shi zai zaɓa maka. Turandot na Puccini, wanda aka fara nunawa a Milan a 1926, a Beijing labarinsa yake, kuma kashi na uku a lambun fada yake buɗewa da dare, don haka ja da ruwan ɗorawa ba su saɓa ba. Wasan Rumfar Mudan (mudan wani fure ne, peony a Turance) na Tang Xianzu, na 1598, a bayan gidan wani hakimi ne a kudancin ƙasar. Ka sa masa rufin sarki, duk wanda ya san ƙasar zai ga kuskuren kafin a buga kiɗan farko. Haka nan a kiyayi abubuwan da ke kutsowa daga wasu wurare. Tsakuwar da aka ja wa layi da manjagara da jar ƙofar ibada mai ginshiƙi biyu na Japan ne. Shimfiɗaɗɗiyar ciyawa da aka aske ta Turawa ce. Hoton nan mai shuɗi da fari na jikin faranti, mai gada da tsuntsaye biyu, a Ingila aka ƙirƙire shi a ƙarshen ƙarni na 18.

Wanda ya fi dacewa ɗalibi ya fara da shi, a ganina, shi ne Wangshi Yuan, wato lambun mai tarun kamun kifi. Chen Congzhou, masanin lambuna da ya rasu a 2000, ya raba kallon lambu gida biyu: na tafiya da na zama. Babba irin Zhuozheng Yuan, wanda Wang Xianchen ya fara ginawa a farkon ƙarni na 16 kuma ya haura hekta biyar, na tafiya ne. Wangshi Yuan bai wuce rabin hekta da ɗan wani abu ba har da gidan da ke cikinsa, tafkinsa kusan mita 20 ne kowane gefe, kuma an yi shi ne don a zauna a rumfa ɗaya a daɗe ana kallon ɗaya gefen. Bakin dandamalin gidan opera na Metropolitan a New York mita 16 da rabi ne, ka ga girman ba shi da nisa da juna. An ma taɓa gwada ɗauke wani sashe nasa: farfajiyar Astor da aka buɗe a gidan tarihi na Metropolitan a 1981 kwaikwayon wani tsakar gida ne na wannan lambu, a cikin gini, ƙarƙashin rufin gilashi.

Aikin farko na takarda ne. Nemo taswirar ƙasa ta lambun, ka ɗora mata takarda mai shara-shara, ka bi hanyar baƙo da jan biro tun daga ƙofar shiga. Duk inda hanya ta karya kwana, ko aka ajiye wurin zama, ko aka huda taga, sa ɗigo, sannan ka ja layi biyu daga ɗigon su nuna iyakar abin da ido ke iya gani. Za ka lura da abu biyu. Babu inda ake ganin duka bakin tafkin, kullum akwai lungun da ruwan ya shige ƙarƙashin gada ko bayan dutse, shi ya sa ƙaramin ruwa ke kama da mai nisa. Na biyu, kusan kowane kallo hawa uku ne: wani abu kusa da ya yi masa firam, abin da ake kallo a tsakiya, da wani abu can nesa da ba a gama gani ba. Zaɓi kallo huɗu ko biyar daga cikin waɗanda ka sa wa ɗigo, kada su fi haka, ka ɗauki littafin kiɗan ka rubuta a gefe inda kowanne zai bayyana. Daga nan ne za ka san bango nawa kake bukata.

Hanya mafi sauƙi ita ce bango uku masu zamewa a kan layin dogo da aka binne a daɓen dandamali, tsakanin kowane layi da na bayansa mita biyu zuwa biyu da rabi, don mawaƙi da faffaɗar riga ya wuce ba tare da ya goga ba. Kowane bango da irin hudarsa, ɗaya ƙofar wata (wato ƙofa mai da'ira kamar cikakken wata), ɗaya jerin tagogi masu raga, ɗaya doguwar ƙofa mai siffar tulu ko ganye. Idan hudojin suka daidaita a layi ɗaya, ido ya ratsa har ƙarshen dandamali. Aka ture ɗaya da mita ɗaya, kallon ya rufe wani ya buɗe. Taya ta zama ta roba mai tauri, kuma a shirya turin ya faɗo inda makaɗa suka ɗaga sauti, domin ƙarar taya a tsakiyar waƙa mai laushi har kujerar ƙarshe ake jin ta. A yi ƙaramin samfurin dandamalin na kwali da ma'aunin 1:25, inda mutum mai tsayin mita 1.75 zai zama santimita bakwai, kuma tun ranar farko a sa bangon kwalin su riƙa zamewa da gaske.

Ƙofar wata tana da tarko a ƙasanta. Cikakkiyar da'ira ba ta da wurin taka ƙafa sai tsakiya, kuma mawaƙiyar da idonta ke kan jagoran makaɗa, rigarta na jan ƙasa, za ta yi tuntuɓe. Maganin shi ne a nutsar da da'irar cikin daɓe kaɗan. Da'ira mai faɗin mita 2.6, idan aka datse santimita 10 daga ƙasanta, za ta bar bakin ƙofa shimfiɗaɗɗe mai faɗin mita ɗaya cif, tsayi ya rage mita 2.5, kuma a daidai kan mutum faɗinta ya kai mita 2.3. Daga kujera ido bai ganin an taɓa ta. A ba bakin hudar kauri na santimita 30 zuwa 40 da filawud mai lanƙwasuwa, a zagaye shi da siririn baki toka-toka kamar bulon da ake yi wa na gaske. In ba haka ba, 'yan kallon gefe za su ga bango ne sirit kamar takarda. A tambayi mai tufafi tsayin hular da ta fi kowace tsawo kafin a yanke, musamman idan akwai jarumi mai dogayen gashin tsuntsu biyu a ka.

Tagogin raga, waɗanda ake kira louchuang, su ma sai an ƙara musu jiki. Lafiyayyen ido daga nisan mita 30 da kyar yake rabe abin da bai kai santimita ɗaya ba. Idan aka kwafi ƙirar taga yadda take, daga bene toka kawai za a gani. A rage yawan layukan da rabi, sandunan su kai santimita uku zuwa huɗu, sannan a tabbatar bayan tagar ya fi gabanta haske. A lambun Canglang Ting, wanda ya samo asali tun 1044, akwai baranda mai hanya biyu da bango a tsakiya, tagogi a jikinsa, na ciki yana hango ruwan waje, na waje yana hango duwatsun ciki. Duk wasan da ke da masoya biyu da ba a yarda su haɗu ba, ko wani mai laɓe, wannan baranda ta gama masa rabin aiki.

Farar katanga ita ce ta fi cin ɗalibai. Ji Cheng, a littafinsa na gina lambu mai suna Yuan Ye da ya kammala a 1631, ya ce a ɗauki farin bango a matsayin takarda, dutse ya zama zane a kanta. Gaskiya ne, amma farin fenti ƙarƙashin fitilun dandamali yana kashe ido, ƙwayar idon mai kallo ta tsuke, fuskar mawaƙin da ke gaban bangon ta koma duhu. A shafa toka-toka mai haske wanda ba ya ƙyalli, a bi shi da ruwan fenti mai duhu yana gangarowa daga ƙarƙashin tayil kamar sawun ruwan sama, a ɗan sa kore-kore a gindi. Da zarar haske ya sauka, ido zai karanta shi fari. Inuwar gora a jikin bangon kuwa fitila ɗaya tak take so, mai ƙaramin ƙwai, a ƙasa daga gefe. Fitila uku inuwa uku za su ba ka, su cakuɗe su zama datti. Gorar ta tsaya santimita 40 zuwa 60 daga bango. Ta yi nisa da bango fiye da haka gefen inuwar ya narke.

Akwai kuma aron kallo, jiejing, wanda Ji Cheng ya ɗauka da muhimmanci ƙwarai: ka shigo da abin da ke wajen katangarka cikin lambunka. Sanannen misali shi ne hasumiyar Beisi da ake hangowa daga Zhuozheng Yuan a ƙarshen dogon ruwa, alhali tana can cikin gari. Lissafinsa a dandamali ba wuya. Gini mai tsayin mita 76 daga nisan kilomita ɗaya, girmansa a ido daidai yake da abu mai mita 1.9 daga nisan mita 25. To hasumiyar filawud mai mita biyu ta isa, a sa ta bayan labulen raga, a shafa mata launi mai kusa da na sararin da ke bayanta. Sharaɗi ɗaya ne, kada ɗan Adam ya kusance ta. Ɗan amshi ɗaya ya ratsa ta gefenta, ta koma abin wasan yara. Shi labulen raga, idan aka haska shi daga gaba ta sama a tsaye, bango ne, idan aka haska abin da ke bayansa sai ya ɓace. A fara kunna na baya sannan a rage na gaba a hankali. Kada a jera biyu masu ido iri ɗaya, saƙarsu za ta haɗu ta haifar da wasu layuka masu rawa.

Dutsen tafkin Tai, tafkin da ke kusa da Suzhou, shi ne ƙashin bayan lambun Suzhou. Dutsen farar ƙasa ne da ruwa ya ci ya huda. Siffofi huɗu ake nema a jikinsa, waɗanda ake dangantawa da Mi Fu, mai zane na zamanin daular Song: ramammen jiki, tamoji, ramuka masu haɗuwa da juna ta ciki, da hudojin da haske ke ratsawa. Mafi shahara a Suzhou, Guanyun Feng na lambun Liu Yuan, ya kai mita shida da rabi. Mita ɗaya ta kowace fuska na irin wannan dutse ya fi tan biyu da rabi, shi ya sa a dandamali da farin soson nan da ake kunshe kayan lantarki ake sassaƙa shi, mai nauyin kilo 20 zuwa 30 a girma ɗaya, kuma a sayi irin wanda ba ya saurin kama wuta. Mai walda ya fara yin ƙashin ƙarfe, a manna soson a kai, a yanka da zazzafar waya a wuri mai iska don hayaƙinsa guba ne, a kankare da wuƙa da burushin ƙarfe. Sai a lulluɓe shi da akoko da aka tsoma a farin gam, hawa biyu, a bari ya bushe kafin fenti. Fentin feshi na gwangwani idan ya taɓa soson tsirara narkar da shi yake yi nan take.

Kuskuren da ake yawan yi shi ne a sassaƙa shi kamar tulin ƙasa, gindi da faɗi kai a tsuke. Na gaske akasin haka yake, ƙafarsa siririya, kafaɗarsa da faɗi, kamar zai faɗi. Wannan na nufin na dandamali ma zai so faɗuwa, don haka ƙashin ƙarfen ya sauka kan faranti mai faɗi da aka ɗaure da daɓe ko aka danne da nauyi, a ɓoye shi da ƙananan duwatsu. Hudojin su ratsa har baya, kuma su fi abin da ido ke so a teburin aiki girma, mafi ƙanƙanta kamar kan mutum. Idan darakta yana son a hau, matakalar filawud mai milimita 18 ake fara ginawa, sannan a yi mata sutura da dutse.

Ruwa kuma sai an yi shawara da shugaban ma'aikatan dandamali tun kafin a nuna wa darakta samfuri, domin idan ya gani ya so, janye shi da wuya. An taɓa yi da gaske: a 1999 a bikin Lincoln Center da ke New York, Chen Shi-Zheng ya nuna duka fitowa 55 na Rumfar Mudan da tafki a gaban dandamali har da agwagi a ciki. Amma a yi lissafi. Tafki mai mita shida da mita huɗu, zurfin santimita 10, kilo 2,400 ne na ruwa. Daɓe zai ɗauka, abin da ba zai yiwu ba shi ne a ture shi gefe a lokacin hutu. Ga ramin makaɗa a gangare da goge masu tsada da wayoyin lantarki, ga siliki da ba ya shiri da ruwa, ga santsi. Kuma mutanen kujerun ƙasa, waɗanda idonsu yake kusan daidai da daɓe, ba su ma ganin ruwan. Baƙar leda mai ƙyalli tana ba da hoton rumfa a kife kamar tafki, sai dai tana mayar da hasken fitilun baya cikin idon 'yan bene, a duba wannan tun a gwajin haske. Abin da ya fi gaya wa ido cewa akwai ruwa shi ne rawar haskensa a jikin bango, kuma tire ɗaya mai ruwan santimita uku da fasassun madubi a ciki, da fitila a gefe da ƙaramar fanka, ya isa a ɓoye a bayan dutse. Gadar da za ta ratsa ta zama ƙasa-ƙasa, mai karya kwana uku, faɗinta kada ya gaza mita 1.2. Ana yawan cewa an karya ta ne don aljanu ba sa iya kwana. Amfaninta a fili yake: tana rage saurin mai tafiya tana juya fuskarsa, wanda a dandamali yake ba mawaƙi dalilin fuskantar 'yan kallo ba tare da ya yi kamar da gangan ba.

Mawaƙin opera ba shi da makirfo, kuma wannan ya shafi kayan da za a yi gini da su. Bangon yadi da aka ɗaure a firam yana shanye murya, na filawud yana mayar da ita wajen masu sauraro. Rumfar da za a yi babbar waƙa a cikinta ta kasance a kashi ɗaya cikin uku na gaban dandamali, bayanta da rufinta na katako, kuma babu ginshiƙin da zai shiga tsakanin idon mawaƙi da hannun jagora. Masu lambun sun san wannan tun tuni. Zauren Agwagi 36 da ke yammacin Zhuozheng Yuan yana da silin mai lanƙwasa da ke taimakon sauti, da ƙananan ɗakuna huɗu a kusurwoyinsa, kuma a cikinsa ake sauraron Kunqu, wani salon opera na gargajiyar Sin, a ƙarshen ƙarni na 19.

Shi Kunqu, wanda ya taso daga Kunshan kusa da Suzhou, a al'adance ba ya bukatar ko ɗaya daga abubuwan da aka lissafa. Darduma, tebur ɗaya da kujera biyu, shi ke nan. Bulala a hannu doki ce, zagaye ɗaya a dandamali tafiya ce mai nisa. Idan Du Liniang, jarumar Rumfar Mudan, ta shiga lambu, da mafici da dogon farin hannun riga da idonta take nuna furen da ba ya nan. Ka cika mata wuri da furannin roba, ka ƙwace mata aikinta, kuma hannun rigar zai maƙale a reshe. Don haka a bar mata fili aƙalla mita shida da mita biyar babu komai a kai. Karatun rubutun wasan da kyau zai kuma rage maka aiki. Lambun da ta shiga yasasshe ne, waƙarta tana ambaton rusasshiyar rijiya da zubabbiyar katanga. Kuyangarta ta ce sauran furanni sun buɗe amma mudan bai yi ba tukuna, to wanda ya baza mudan a buɗe a wannan fitowa ya saɓa wa bakin 'yar wasa. Abin da labarin ba zai tafi ba sai da su kaɗan ne: dutsen tafkin Tai inda aka ɓoye hotonta, itacen meihua (wani irin plum mai fure) da aka binne ta a gindinsa, da reshen wilo a hannun saurayin mafarkinta. Turandot kuma akasin haka, 'yan amshi masu yawa ne za su shigo su fita cikin 'yan daƙiƙu, ƙofar wata mai bakin mita ɗaya ba za ta ɗauke su ba, sai an bar hanyoyi masu faɗin mita biyu a ɓoye ta gefe.

Tsirrai suna faɗin lokaci. Meihua a ƙarshen hunturu yake fure tun ganye bai fito ba, mudan a ƙarshen bazara, bado a tsakiyar zafi, kuma ba sa haɗuwa a rana ɗaya. Ayaba don ƙarar ruwan sama a kan ganyenta ake shuka ta kusa da taga. Duk ganyen roba ko busasshiyar gora sai an fesa musu maganin hana kama wuta, jami'in kashe gobara zai gwada da ashana. Allon suna da ke saman ƙofa daga dama zuwa hagu ake karanta shi, baitoci biyun da ke jikin ginshiƙai daga sama zuwa ƙasa, na farko a hannun daman mai kallo. A ba wanda ya iya rubutun burushi ya rubuta, a sa alamar sama a bayan kowane allo, don masu ɗaurawa a cikin duhu ba su san kifaffen harafi ba.

Kafin a kai samfurin gaban darakta, huda rami mai faɗin santimita ɗaya a jikin kwali, ka riƙe shi a inda idon mai kujerar ƙarshe ta hagu a layin gaba zai kasance, sannan ta dama, sannan can saman bene. Leƙa da ido ɗaya, tocila a hannun wani, ka bi sauyin bangon ɗaya bayan ɗaya tare da kiɗan. Hudoji ukun da suka daidaita daga tsakiya ba za su daidaita daga gefe ba. Idan na gefe bango kawai yake gani, faɗaɗa hudar baya da kashi ɗaya cikin biyar, ko ka rage tazarar da ke tsakanin layukan, ka sake leƙawa.